Boren Bastar na 1910: yadda aka mai da masu daji ɓarayi a cikin dajinsu

A farkon shekarar 1910 wani saƙo ya riƙa yawo daga ƙauye zuwa ƙauye a ƙasar Bastar, can tsakiyar Indiya. Babu takarda, babu tawada. Manzo zai shigo gari ya miƙa wa mai gari reshen mangwaro da hogen ƙasa da barkono da kibiya, shi kuma mai garin ya tashi wani ya kai ƙauye na gaba. Duk wanda ya ga kayan nan ya san kira ne na a tashi. Kowane ƙauye ya tara abin da zai iya na gudummawa. Da watan Fabrairu ya kama, sai kasuwanni suka fara cin wuta, tare da ofisoshin 'yan sanda da makarantu da gidajen ma'aikatan gwamnati. Mutanen ƙasar suna kiran abin da ya faru Bhumkal. Bhum na nufin ƙasa a bakinsu, shi ya sa wasu ke fassara kalmar da girgizar ƙasa.

Na zaɓi wannan bore daga cikin tarzomomi masu yawa da ƙabilun dazukan Indiya suka yi wa Turawan Ingila, domin a nan ne ake ganin sarai yadda haƙƙin mutum yake suɓuce masa tun yana tsaye a kansa. Ba a ci mutanen Bastar da yaƙi kafin a karɓe musu daji ba. An zauna a ofis an ja layi a kan taswira, sai suka wayi gari abin da kakanninsu suka yi shekara da shekaru ya koma laifi.

Ƙasar da dokarta ta asali

Bastar a wancan zamani masarauta ce mai faɗin kusan murabba'in mil 13,000, kuma ƙidayar 1901 ta nuna mutanenta sun ɗan haura dubu 300. Ke nan a kowane murabba'in mil ba a samun mutum 25. Tsakiyarta tudu ne, kogin Indravati ya ratsa ta daga gabas zuwa yamma, kuma mafi yawanta daji ne na itacen sal da tik da gora. Ƙabilun da ke cikinta sun haɗa da Maria da Muria, waɗanda rassa ne na babbar ƙabilar Gond, sai Dhurwa da Bhatra da Halba. Harsunansu daban-daban ne, amma sun haɗu a kan imani ɗaya: Ƙasa ce ta ba kowane ƙauye yankinsa, su kuma suna kula da ita, suna kai mata sadaka a kowane bikin noma.

Wannan imani shi ne tushen dokarsu, kuma doka ce da ake aiki da ita. Kowane ƙauye ya san inda iyakarsa ta tsaya a cikin daji, ya san wane rafi da wane dutse ne nasa. Idan mutumin wani ƙauye yana son ya sari itace a dajin maƙwabta, sai ya biya ɗan abin da suke kira devsari, ko dand, ko man. Wasu ƙauyukan har mai gadin daji suke ɗauka, kowane gida ya ba shi hatsi ladan aikinsa. Ƙauyuka da dama sukan haɗu su zama pargana, wato kamar gunduma, kuma sau ɗaya a shekara ana fita babbar farauta inda masu gari ke zama su tattauna matsalolinsu, har da na daji. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin daga baya za a ce dajin ba shi da mai shi.

Abincin mutane rabi daga gona yake fitowa, rabi daga daji. A kan gangaren duwatsu suna noman da suke kira penda: a yi sassabe, a bar itacen ya bushe, a cinna wuta, a shuka ƙananan hatsi da wake a cikin toka da saukar damina. Bayan shekara biyu ko uku sai a bar wurin ya zama saura na tsawon shekaru har daji ya sake rufe shi. Duk Bahaushen da ya taɓa jin labarin sassabe daga bakin kakansa ya san wannan tsari. Daga daji kuma ake samun zuma da saiwoyi da 'ya'yan itace da nama da magani da tsamiya da gorar yin kwando da jinka. Sai itacen mahua, wanda ɗan'uwan kaɗanya ne a dangin itatuwa: ana cin furensa, ana dafa giya da shi, ana tatsar mai daga ƙwallonsa kamar yadda matanmu ke yin man kaɗe. A shekarar da damina ta yi gardama, dajin nan shi ne rumbun da ke tsare mutane daga mutuwa.

Daga ina dokar gandu ta fito

Abin da ya jawo hankalin Turawa kan dazukan Indiya katako ne. Tun farkon ƙarni na 19 itacen da Ingila ke ƙera jiragen ruwan yaƙi da shi ya fara ƙarewa a gida, sai aka koma kan tik na Indiya da Bama. Daga shekarun 1850 kuma aka fara shimfiɗa layin dogo, kuma kowane mil ɗaya na layin yana cin katako tsakanin 1,760 zuwa 2,000 da ake jerawa a ƙarƙashin ƙarfe. A lardin Madras kaɗai, a shekarun 1850, ana sare itace kusan dubu 35 a shekara saboda wannan aiki. Zuwa 1890 an shimfiɗa kimanin kilomita 25,500 na layin dogo a Indiya baki ɗaya. 'Yan kwangila suka shiga daji da gatari ba ji ba gani, har gwamnatin da ta aike su ta tsorata cewa katakon zai ƙare.

Maganin da ta samo shi ne ta ɗauko wani Bajamushe masanin daji, Dietrich Brandis, ta naɗa shi babban sufeton dazuka a 1864. Aka yi dokar daji ta farko a 1865, aka yi wata mai tsanani a 1878, aka sake sabunta ta a 1927. Dokar 1878 ta kasa daji kashi uku: gandun da aka killace, dajin da ke ƙarƙashin kariya, da dajin ƙauye. Mafi kyawun daji shi ake killacewa, kuma a cikinsa ba a yarda talaka ya ɗauki ko tsinke ba.

Kafin a zartar da dokar an yi gardama mai zafi a tsakanin Turawan su kansu, kuma a ganina gardamar nan ita ce zuciyar lamarin. Wani jami'i mai suna Baden-Powell ya kafe cewa daji na mai mulki ne tun fil'azal, saboda haka abin da ƙauyawa ke yi a ciki alfarma ce da aka yi musu, ba haƙƙi ba. Jami'an lardin Madras suka ƙi, suka ce da wuya a sami daji a yankinsu wanda jama'a ba su da haƙƙi a kansa tun zamanin da. Ra'ayin Baden-Powell ne ya yi rinjaye. Hausa ta bambanta kalmomin nan biyu sarai. Haƙƙi, in an taɓa shi, kana iya kai ƙara. Alfarma kuwa, wanda ya yi maka ita yana iya janyewa ranar da ya ga dama, kuma kafin ya janye sai ka riƙa godiya kana durƙuso. Da canza kalma ɗaya aka raba miliyoyin mutane da dajinsu.

Wannan tsari bai tsaya a Indiya ba. A farkon shekarun 1900 an ɗauko H. N. Thompson daga Bama ya zo ya shugabanci aikin daji a kudancin Najeriya, kuma a 1916 aka yi dokar daji ta ƙasar baki ɗaya. Gandun daji da malamin daji da muka taso muka tarar, asalin tunaninsu daga can yake.

Shekarun da aka ɗaure Bastar

Bastar ba ta cikin lardunan da Turawa ke mulka kai tsaye. Tana da sarkinta, mai sarautar Raja, a birnin Jagdalpur, kuma talakawa suna ganinsa a matsayin babban mai hidimar gunkiyar ƙasar, Danteshwari. Amma a 1891 Sarki Bhairam Deo ya rasu ya bar ɗansa Rudra Pratap Deo yana ƙaramin yaro. Turawa suka karɓi riƙon ƙasar da sunan suna jira ya girma, suka riƙa turo jami'ai daga waje. Ko da aka miƙa masa mulki a 1908, ainihin ikon yana hannun waziri, wanda suke kira diwan, mai suna Panda Baijnath, mutumin da ba ɗan ƙasar ba ne kuma da amincewar Turawa yake zaune. Ta hannun irin waɗannan jami'ai aka shigo da ƙa'idojin daji da aka kwaikwayo daga lardunan Turawa.

A 1905 aka fito da shirin killace kashi biyu cikin uku na dajin Bastar, a kuma hana noman penda da farauta da ɗibar kayan daji a cikinsa. Ƙauyukan da layin ya haɗiye ɗayan biyu ne ya same su. Ko su tashi, ba sanarwa ba diyya, ko su zauna bisa sharaɗin za su riƙa yi wa ma'aikatar daji aiki kyauta: saran itace, jan gungume, kashe gobara. Irin waɗannan su aka riƙa kira ƙauyukan gandu. Mutumin da jiya yake karɓar devsari daga baƙon da ya zo saran itace, yau shi ne lebura marar lada a wuri guda, yana sare itacen ana lodawa ana fita da shi.

Jami'an daji suna cewa penda ɓarna ce, wuta tana cinye katako mai daraja. Gaskiya ne wuta tana ƙona itace. Amma a ƙasar da mutum bai kai 25 a murabba'in mil ba, kuma ana barin saura ta huta shekaru, dajin yana komawa. Shaida kuwa ita ce dajin da Turawa suka tarar suka yi sha'awarsa, ai a hannun masu penda ya kai wannan girma. Abin da ya dame su a zahiri shi ne wurin da aka yi sassabe ba ya fitar da miƙaƙƙen gungumen da layin dogo ke so, sannan mutumin da ke sauya gona kowace shekara uku yana da wuyar ƙirgawa a rajistar haraji.

Killace daji ya zo ne a kan wasu nauye-nauye da suka riga suka danne mutane. An ƙara harajin ƙasa. Akwai begar, wato aikin tilas na gyaran hanya da ɗaukar kayan jami'ai a ka. Akwai bisaha, wato tilasta wa ƙauye ya sayar wa jami'i hatsi ko kaji ko man shanu a farashin da ya ga dama, sau da yawa ma ba ya biya. An sa dafa giyar mahua a gida ƙarƙashin ikon gwamnati, alhali da ita suke bukukuwansu da ibadarsu. Fatake da masu ba da bashi da ruwa daga wasu ƙasashe suka cika kasuwanni, suna karɓar kayan daji da arha suna ba da gishiri da tufa da tsada. Sannan ga yunwa sau biyu, a 1899 zuwa 1900 da kuma 1907 zuwa 1908. Ka duba shekarun nan: yunwa ta biyu ta faɗo daidai lokacin da ake rufe ƙofar rumbun da mutane suka saba gudu cikinsa.

Batun makarantu yana buƙatar bayani, don wanda ya ji an ƙone makaranta zai yi saurin cewa jahilci ne. An buɗe makarantun ne da tilas, ana matsa wa iyaye su kawo yara a lokacin da ake buƙatarsu a gona da kiwo. Malaman baƙi ne, kuma su ma sun shiga sahun masu neman abinci da hidima kyauta daga ƙauye. A idon ɗan ƙauye, malamin makaranta da ɗan sanda da malamin daji duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ba na jin daɗin ƙona makaranta a ko'ina, amma na fahimci abin da waɗannan gine-gine suka zama a wurin waɗanda suka cinna musu wuta.

Akwai kuma abin da ya faru a baya wanda ya ba mutane ƙwarin gwiwa. A 1876 'yan ƙabilar Muria sun taru sun yi wa fadar Jagdalpur zobe saboda zaluncin waziri na lokacin da mataimakansa. Turawa suka turo jami'i, aka zauna, aka cire waɗanda ake kuka da su, aka kafa zaman da ake kira Muria Darbar inda shugabannin ƙauyuka ke kai kokensu gaban sarki. Dattawan 1910 sun ga wannan da idonsu suna samari. Abin da suka koya shi ne, in talakawa suka taru da yawa a ƙofar fada, ana saurarensu.

Fabrairu 1910

Maganar ta fara ne a majalisun ƙauye da kasuwanni da wuraren biki, duk inda masu gari da masu tsafin ƙauyuka suka haɗu. 'Yan ƙabilar Dhurwa na dajin Kanger su suka ja gaba, kuma ba abin mamaki ba ne, don a dajinsu aka fara killacewa. Boren ba shi da shugaba guda ɗaya, amma sunan da ya fi fitowa shi ne na Gunda Dhur, mutumin ƙauyen Nethanar.

A ranar 2 ga Fabrairu aka far wa kasuwar Puspal. Daga nan abin ya bazu kamar wutar daji cikin 'yan kwanaki, ya mamaye kudu da yammacin masarautar. Aka wawashe kasuwanni, aka ƙone ofisoshin 'yan sanda da na daji da makarantu da gidajen jami'ai da na 'yan kasuwa, aka fasa rumbuna aka rarraba hatsi ga jama'a. Aka yanke wayar tangaraho, aka tare hanyoyi. Wani ɗan mishan mai suna William Ward, wanda yake Jagdalpur a lokacin, ya ba da labarin yadda 'yan sanda da fatake da masinjojin ma'aikatar daji da malaman makaranta da baƙi suka riƙa kwararowa cikin birnin daga kowace kusurwa suna neman mafaka. Wannan jerin nasa ya isa ya nuna wa mutum su wa aka nufa. Kusan duk wanda aka taɓa yana da alaƙa da gwamnati da dokokinta, ko da cinikin da ke tatsar ƙauye. Waziri Panda Baijnath ya tsere ya bar ƙasar.

An yi kisa, an kuma cuci wasu baƙi da laifinsu bai wuce zuwa neman abinci ba. Wannan ma yana cikin labarin, kuma bai kamata a ɓoye shi ba.

Mayaƙan ba su nufi tuɓe sarauta ba. Sun yi sansani a kewayen Jagdalpur da kwari da baka da gatura, suna son sarkinsu ya zama sarki na gaske, a kori baƙin jami'ai, a mayar da daji yadda yake. A cikin fada ma akwai masu goyon bayansu, musamman Lal Kalendra Singh, ɗan gidan sarauta wanda ya taɓa riƙe muƙamin waziri kafin Turawa su ture shi, da Rani Subaran Kunwar, ɗaya daga matan marigayi sarki. Wannan ya ba wasu jami'an Turawa damar cewa duk abin makircin fada ne, an zuga ƙauyawa marasa wayo. Ban yarda da wannan karatu ba. Rikicin fada yana nan, kuma ya taimaka wajen haɗa kan masu gari. Amma ɗan sarki mai jin haushi ba ya iya tayar da ƙabilu masu harsuna daban-daban a faɗin ƙasa irin wannan, sai in kowane gida yana da nasa ciwon. Cewa makirci ne hanya ce ta kauce wa tambayar da ta fi nauyi, wato me aka yi wa mutanen nan.

Sarki Rudra Pratap Deo, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya tsinci kansa tsakanin talakawan da ke kiran sunansa da Turawan da suka ɗora shi. Ya nemi taimakon Turawa.

Murƙushewa

Kafin tsakiyar Fabrairu dakaru sun iso, 'yan sanda masu bindiga da sojoji, daga wajen Raipur da kuma ɓangaren Madras, ƙarƙashin wani jami'i mai suna Gayer. Shugabannin boren suka nemi a zauna a yi magana, kamar yadda aka yi da iyayensu a 1876. Wannan karon aka kewaye sansaninsu aka buɗe wuta. A nan ne lissafinsu ya karye: gwamnatin 1876 tana iya sadaukar da waziri ɗaya don a zauna lafiya, amma ta 1910 tana da katako da kuɗin shiga da za ta kare.

Waɗanda suka tsira suka ja da baya zuwa yankin Dhurwa. Karo na ƙarshe mai girma ya faru a Alnar, kusa da Nethanar, inda aka auka musu ba shiri. Mutanen yankin har yau suna cewa wani daga cikinsu, Sonu Majhi, shi ya nuna wa Turawa wurin. Bayan haka dakaru suka bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya suna yi wa mutane bulala, suna kama waɗanda ake zargi, suna ɗora tara. Yawancin ƙauyuka suka zama kufai, mazaunansu suka shige daji, dajin da doka ta ce ba su da izinin shiga. An rataye wasu daga cikin jagororin, kuma a Jagdalpur ana nuna wata tsamiya a kasuwar Gol Bazar da ake cewa a jikinta aka rataye Debri Dhur, na hannun daman Gunda Dhur. An kama Lal Kalendra Singh da Rani Subaran Kunwar aka fitar da su daga Bastar. Sai da aka kai watan Mayu, wata uku ke nan, kafin Turawa su ce ƙasar ta dawo hannunsu.

Gunda Dhur bai taɓa shiga hannu ba.

Abin da aka samu da abin da aka rasa

Jinin da aka zubar bai tafi a banza ba. An dakatar da aikin killacewa na wani lokaci, kuma da aka dawo kansa, yankin da aka killace ya sauko zuwa kusan rabin abin da aka tsara kafin 1910. Panda Baijnath bai koma kujerarsa ba. Ga mutanen da suka fito da kibiya gaban bindiga, wannan nasara ce babba, kuma iyalai masu yawa sun ci gaba da cin moriyar dajinsu saboda ita.

Sai dai abin da aka rage faɗin fili ne. Ƙa'idar da ta ce daji na gwamnati ne, zaman mutane a ciki alfarma ce, ba a taɓa ta ba. Ita ce ta rayu bayan tafiyar Turawa. Indiya ta sami 'yanci a 1947, aka haɗe Bastar cikin ƙasar, amma dokar daji ta 1927 ta ci gaba da aiki, da ma'aikatarta da masu gadinta da tararta. Sarkin Bastar na ƙarshe, Pravir Chandra Bhanj Deo, wanda ya tsaya wa ƙabilun a kan batun ƙasa da daji, 'yan sanda ne suka harbe shi a cikin fadarsa a ranar 25 ga Maris 1966, tare da wasu magoya bayansa. A shekarun 1970 Bankin Duniya ya goyi bayan shirin sare hekta 4,600 na dajin sal a dasa wani baƙon itace da ake yin takarda da shi, itacen da ba ya ba ɗan ƙauye abinci ko mai ko magani. Sai da aka yi ta zanga-zanga aka janye shirin.

Daga 1980 mayaƙan da ke bin aƙidar Mao suka shigo dazukan yankin, kuma ƙofar da suka fara bi ita ce ta tsohon ciwon nan: cin zalin masu gadin daji da ƙarancin kuɗin da 'yan kwangila ke biyan mata masu tsinkar ganyen tendu, wanda ake naɗe taba da shi. Yaƙin da ya biyo baya tsakaninsu da gwamnati ya ci rayuka masu yawa, kuma talakan ƙauye ne ya fi shan wuya daga kowane ɓangare. Ba na kare abin da mayaƙan nan suka aikata. Abin da nake cewa shi ne sun tarar da rauni a buɗe tun 1905.

Sai a 2006 majalisar Indiya ta zartar da dokar haƙƙin mazauna daji, kuma a gabatarwarta ta amsa cewa an yi wa waɗannan al'ummomi zalunci na tarihi, a zamanin Turawa da bayansa. Dokar ta dawo da kalmar haƙƙi. Iyalin da ke noma fili a cikin daji kafin 13 ga Disamba 2005 suna iya samun takardarsa, har zuwa hekta 4. Ƙauye yana iya neman ikon kula da dajinsa gaba ɗaya, da ɗibar kayansa da sayar da su. Kuma taron mutanen ƙauye, gram sabha, shi ke fara tantance buƙata, ba jami'in daji ba. In ka duba da kyau, wannan shi ne tsarin iyakar ƙauye da devsari ya dawo cikin rigar doka.

Aiwatarwa ita ce ta zama aiki. Ana neman shaida a rubuce daga mutanen da shaidar da iyayensu suka bari sau da yawa ita ce takardar tarar da aka ci su don sun yi noma a gandu. An yi watsi da buƙatu masu ɗimbin yawa, wasu ba tare da an sanar da masu su ba. A ranar 13 ga Fabrairu 2019 Kotun Ƙolin Indiya ta umarci jihohi su tashi waɗanda aka ƙi buƙatunsu, iyalai fiye da miliyan ɗaya. Ƙasar ta ɗauki zafi, kuma a ranar 28 ga watan kotun ta dakatar da umarnin nata.

Bastar yanzu tana cikin jihar Chhattisgarh, wadda aka ƙirƙiro a shekarar 2000. Kowace ranar 10 ga Fabrairu ana taruwa a tuna da Bhumkal, kuma gwamnatin jihar tana ba da lambar yabo ta wasanni da sunan Gunda Dhur. Dajin Kanger, inda aka fara jan layin, an mai da shi gandun namun daji na ƙasa a 1982, wato killacewa mafi tsanani da doka ta tanada. A watan Mayun 2022 aka amince wa wani ƙaramin ƙauye da ke cikin gandun, Gudiyapadar, da haƙƙin kula da kimanin hekta 400 na dajin da ke kewaye da shi, su tsara yadda za a yi amfani da shi, su kuma tsare shi. Shekara 112 ke nan bayan reshen mangwaro da kibiya sun fita daga wannan daji.